Me Ya Sa Idan Na Kai Kuka Sai Laifin Ya Dawo Kaina?

"Assalamu alaikum Malam. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. A wurin aiki, abokiyar aikina ta saba tafiya ta bar mini nata aikin. Na yi shiru wata da watanni. Ranar da na kai maganar gaban shugabarmu, sai ta ce na cika ƙorafi. A gida ma haka ne. In na faɗa wa maigidana abin da ya ɓata mini rai, kafin in rufe baki ya fara lissafo nawa laifuffukan. Yanzu na koma yin shiru, amma shirun yana cina. Shin ƙorafin ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba, ko kuwa mutane ne ba sa son gaskiya? Me ya sa wanda aka cuta shi ne yake komawa mai laifi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yaye miki wannan damuwa. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko kai kuka aibi ne, ko akwai hanyar kai shi da ta fi wata, da kuma dalilin da ya sa mutane suke murtuke fuska da zarar an nuna musu inda suka taka wani. Na shafe shekaru ina zama tsakanin ma'aikata da shugabanninsu, da tsakanin masu kawo koke da hukumomin da suke kuka da su, kuma tambayarki ita ce wadda na fi ji, sai dai kowa da irin kalmominsa. Tun daga farko zan faɗa miki inda na tsaya. Ƙorafi ba aibi ba ne. Abin da yake faruwa shi ne, kowane kuka kaya biyu yake ɗauke da su, ke kina kallon ɗaya, wanda kike yi wa magana yana kallon ɗayan.

Kaya biyu a baki ɗaya

A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani ɗan allon laka da aka tono a tsohon birnin Ur, a ƙasar da yau ake kira Iraƙi. An rubuta shi wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani mutum ne mai suna Nanni ya aika wa wani ɗan kasuwa, Ea-nasir, yana kuka cewa tagullar da aka nuna wa ɗan aikensa ba mai kyau ba ce. Ana yawan kiransa takardar ƙorafi mafi tsufa da aka sani. Abin da ya fi jan hankalina a cikinta ba maganar tagullar ba ne. Nanni ya fi daɗewa a kan cewa an wulaƙanta ɗan aikensa, an mai da shi hannu wofi, an raina shi. Kusan shekara dubu huɗu ke nan, amma duk wanda ya taɓa zama a teburin karɓar koke zai gane wannan murya. Akwai abin da ya faru, akwai kuma abin da faruwarsa ta faɗa wa mutum game da matsayinsa.

Ke ma haka ne. Aikin da abokiyarki take bar miki kaya ne na farko, ana iya ƙirga shi da awanni. Kaya na biyu shi ne jin cewa an ɗauke ki wadda lokacinta ba shi da daraja. Lokacin da kika tsaya gaban shugabarku, bakinki yana maganar na farko, muryarki tana ɗauke da na biyu.

Ba kowane kuka ne yake neman abu ɗaya ba. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Robin Kowalski, ta yi rubutu a kan wannan a 1996, ta raba ƙorafi gida biyu: wanda ake yi don a gyara wani abu, da wanda ake yi don a sauke abin da ke cikin ƙirji. Harshenmu ya riga ya san wannan bambanci, har ma ya fi haka rarrabewa. Koke daban, mita daban, gunaguni daban, tsegumi daban. Koke yana zuwa wurin wanda zai iya gyarawa. Gunaguni yana tsayawa a maƙogwaro. Tsegumi yana zuwa wurin kowa ban da mai laifin. Mita kuwa kuka ne da aka maimaita har ya rasa kaifinsa. Matsala takan taso idan mai magana yana neman a saurare shi, aka tare shi da shawara, ko yana neman gyara, aka sallame shi da "sai haƙuri".

Abin da kunnen mai sauraro yake ji

Kin tambaya ko mutane ba sa son gaskiya. A ganina, yawancinsu ba gaskiyar suke gudu ba. Hukuncin da suke jin an yanke musu a cikinta suke gudu. Kusan kowa yana ɗauke da hoton kansa a matsayin mutumin kirki, mai adalci, mai ƙoƙari. Idan kika ce wa maigidanki "jiya ka yi mini kaza", abin da yake isa kunnensa sau da yawa shi ne "kai ba mijin kirki ba ne". Daga nan ya daina sauraro, ya koma neman hujja. Laifuffukanki da yake lissafowa ba amsar maganarki ba ce. Garkuwa ce. Yana so ya ce idan shi ba tsarkakakke ba ne, ke ma ba haka ba, don haka ba ki da hurumin yanke masa hukunci.

Akwai kuma wani karkata da ke cikin tunaninmu duka, wanda masani Lee Ross ya sa wa suna a 1977. Idan wani ya yi kuskure, mukan danganta shi da halinsa. Idan mu muka yi, mun san dalilanmu: gajiya ce, cunkoson aiki ne, mantuwa ce. Don haka a kowace rigima, mai kuka yana ganin hali, wanda ake kuka da shi yana ganin yanayi. Kowannensu yana da yaƙinin ɗayan ne ya ƙi fahimta.

John Gottman, wanda ya shafe shekaru a Jami'ar Washington yana nazarin yadda ma'aurata suke gardama, ya bambanta ƙorafi da suka. Ƙorafi yana magana a kan abu guda da ya faru. Suka tana magana a kan mutumin gaba ɗaya. "Na ji zafi da ka yanke maganar nan ba ka tuntuɓe ni ba" ƙorafi ne. "Kai dama ba ka taɓa damuwa da kowa ba sai kanka" suka ce. Ya lissafa halaye huɗu da suke rusa aure: suka, raini, kare kai, da rufe ƙofar magana, kuma ya ce raini ne mafi haɗari a cikinsu. A wani bincike da shi da Sybil Carrère suka fitar a 1999, sun nuna cewa minti uku na farkon gardama tsakanin sababbin ma'aurata suna nuna alamar inda auren zai dosa bayan shekaru. Abin da na gani a aikina bai saɓa da wannan ba. Yadda aka buɗe magana, galibi haka ake rufe ta.

Ki lura da kalmomi biyu: "kullum" da "ba ka taɓa". Da zarar ɗaya ta fito, an ba wa mai kare kansa ƙofar fita. Abin da kawai yake buƙata shi ne ya tuno rana ɗaya da bai yi hakan ba, sai gardama ta bar abin da ya ɓata miki rai ta koma kan lissafin kwanaki. Na ga ƙararraki masu ƙarfi sun faɗi saboda wannan kalma guda.

Maganar shugabarku tana da wani ɓangare na daban, kuma ina so ki gan shi ba don ki yafe mata ba, sai don ki san abin da kike fuskanta. Kafin ki buɗe baki, a wurinta babu matsala. Aiki yana tafiya, tunda kina yin naki kina yin na wata. Da kika yi magana, sai ga aiki ya sauka a teburinta: ta kira abokiyarki, ta yi magana marar daɗi, ta yanke hukunci, wataƙila ma ta amsa cewa wata da watanni abu yana faruwa a ƙarƙashinta ba ta gani ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ta mai da ke matsalar. Idan ke ce "mai ƙorafi", babu abin da ya rage mata ta yi. Wannan ba adalci ba ne, amma ya zama ruwan dare a ofisoshi, kuma ba sai shugaba ya kasance mugu ba kafin ya faɗa cikinsa. Kasala da tsoron fuskantar mutane sun isa.

Sai kuma watannin da kika yi shiru. Na san haƙuri ne ya sa, kuma ba na raina shi. Amma shirun ya yi miki illa biyu. Ya koya wa abokiyarki cewa abin da take yi ya karɓu. Sannan ya sa ranar da kika yi magana, kin zo da nauyin wata shida ko bakwai, alhali ita shugabar ranar ce ta fara ji. Ke kina ƙarshen labari, ita tana farkonsa. Zafin da ta gani a fuskarki ya fi ƙarfin abin da ta ji a kunnenta, sai ta yanke cewa zafin halinki ne.

Akwai wani mataki da ya wuce kare kai na yau da kullum, wanda masaniya Jennifer Freyd ta bayyana a 1997: mai laifi ya musanta, ya kai wa mai kuka hari, sannan ya juya labari ya zama shi ne aka zalunta. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Zan dawo kan wannan, don maganinsa daban ne.

Shiru ba lafiya ba ne

Kin ce kin koma yin shiru. Wannan ne ya fi damuna a wasiƙarki.

Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya yi bayani a 1970 cewa idan mutum bai ji daɗin wata ƙungiya, kamfani ko ƙasa ba, hanya biyu ce a gabansa: ya fice, ko ya ɗaga murya. Abin da yake sa ya zaɓi magana maimakon ficewa shi ne ƙauna da amanar da ke tsakaninsa da wurin. Tunanin ya samo asali ne daga abin da ya lura da shi game da sufurin jirgin ƙasa a Najeriya a shekarun 1960. Ya ga cewa gasar manyan motoci ba ta sa harkar jirgin ta gyaru ba, domin waɗanda suka fi damuwa da ingancin aiki, waɗanda da su ne za su fi matsa lamba, su ne suka fara komawa mota. Da masu kuka suka tafi, sai aka rasa mai tilasta gyara.

Wannan darasi ya shafi aure da ofis kamar yadda ya shafi jirgi. Mai kawo kuka bai tafi ba tukuna. Har yanzu yana sa ran za a gyara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ya daina magana, yake cewa "ba komai" da murya a sanyaye. Na sha ganin shugaba yana murna cewa wance ta daina damunsa, bayan wata uku ta ajiye takardar barin aiki, yana mamaki. Ta riga ta tafi tun ranar da ta yi shiru, jikinta ne kawai ya rage a kujera.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta gamu da abin da ya ba ta mamaki a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da take nazarin kurakuran ba da magani a asibitoci. Ta zaci rukunonin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar sun fi yawa. Ba don sun fi yin kuskure ba, sai don ba sa tsoron faɗa. Rukunin da littafinsa yake fari fat, sau da yawa tsoro ne ya wanke shi. A harkar jiragen sama an koyi wannan da jini. A ranar 1 ga Disamba 1974 wani jirgi ya bugi dutse yayin da yake shirin sauka kusa da birnin Washington, mutum 92 suka mutu. Bincike ya gano cewa makonni shida kafin nan, matuƙan wani kamfani daban sun tsallake rijiya da baya a wannan wuri saboda rashin fahimtar umarnin sauka irin wanda ya jawo hatsarin, sun kuma kai rahoto, amma labarin bai fita daga kamfaninsu ba. A 1976 aka kafa tsarin kai rahoto a asirce, aka damƙa shi ga NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wadda ba ita take hukunta matuƙa ba, domin kowa ya faɗi abin da ya gani ba tare da fargaba ba. Tun a 1809 ƙasar Suwidin ta kafa ofishin jami'i mai zaman kansa da ke karɓar koken jama'a a kan hukumomi, kuma ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Dalilin duka ɗaya ne: mutum ba ya iya zama alƙali mai adalci a kan kukan da ake yi da shi.

Me mai kuka yake nema?

Wata rana wani dattijo ya shigo ofishina da wata jakar takardu da ya ɗaure da roba. Wata takwas yana bin maganar wata takarda tasa da ta ɓace a wata hukuma. Duk wanda ya je wurinsa sai ya tura shi gaba, wasu ma su ce wataƙila bai taɓa kawo ta ba. A rubuce an riga an yi masa laƙabi da mai fitina. Ya zauna bai jingina ba, tafin hannunsa a kan jakar, kamar wanda yake jiran a ƙwace. Ya fara zaro takardu ɗaya bayan ɗaya, kowace da kwanan wata da ya rubuta a kusurwa da jan biro. Na bar shi ya gama, kusan minti ashirin. Sannan jami'in da muka gayyato ya duba rasit ɗin, ya ce masa: "Baba, ka kawo ta. A hannunmu ta ɓace. Laifinmu ne." Dattijon ya yi shiru. Ya ɗauke hannunsa daga kan jakar, ya jingina. Sake yin takardar bai ɗauki mako guda ba, kuma bai nemi ko sisi na wahalar da ya sha ba. Wata takwas ɗin nan ba takarda kaɗai yake bi ba. Yana neman wanda zai tabbatar masa cewa ba ƙarya yake yi ba.

Bincike ya goyi bayan abin da na gani a fuskar wannan bawan Allah. A 1994 Charles Vincent da abokan aikinsa a Birtaniya sun tambayi marasa lafiya da danginsu 227 da suke ƙarar likitoci dalilin da ya kai su kotu. Kuɗin diyya ɗaya ne kawai cikin manyan dalilai huɗu. Sauran su ne: a yi musu bayanin abin da ya faru, a hana faruwarsa ga wani, kuma wani ya ɗauki alhaki. Da yawa sun nuna cewa yadda aka bi da su bayan kuskuren ne ya tunzura su. Asibitocin Jami'ar Michigan a Amurka sun sauya salo tun daga 2001, suka riƙa faɗa wa majiyyaci gaskiya idan an yi kuskure, su ba da haƙuri, su yi tayin diyya. Nazarin da aka buga a 2010 ya nuna ƙararrakin da ake shigarwa a kansu sun ragu, ba ƙaruwa suka yi ba.

Wannan nake kira rauni na biyu. Na farko shi ne abin da aka yi maka. Na biyu shi ne yadda aka tarbe ka da ka faɗa. A mafi yawan rigingimun da na zauna a kansu, na biyun ne ya ƙi warkewa. Ke ma ki duba wasiƙarki: layi ɗaya kika ba abokiyar aikinki, sauran duk a kan amsar da aka ba ki ne.

Ni kaina na taɓa yi wa wata mata wannan rauni. Tana cikin ba ni labarin yadda aka tsallake ta a ƙarin girma, sai na katse ta da bayanin ƙa'idar da aka bi, don na san ƙa'idar kuma na ɗauka sani zai sanyaya mata rai. Ta dube ni ta ce: "Ban tambaye ka dalili ba tukuna." Bayanina daidai ne, amma lokacinsa bai yi ba. Tun ranar ba na ba da dalili sai na maimaita wa mutum abin da ya faɗa, ya ce "haka ne". Wani gwaji da Allan Lind da abokansa suka yi a 1990 ya nuna cewa mutane sun fi ganin an yi musu adalci idan an ba su damar faɗin ra'ayinsu, ko da bayan an riga an yanke shawara ne, duk da cewa sauraro kafin yankewa ya fi tasiri. Sai dai gargaɗi daga abin da na gani: idan mutum ya gane sauraron na jeka-na-yi-ka ne, fushinsa ya fi na wanda ba a kira ba sam.

Abin da nake ba ki shawara

A wurin aiki, ki fara da abokiyar taki, ku biyu, idan ba ki taɓa yi ba. Mutane da yawa sukan tsallake wannan mataki saboda nauyinsa, amma wanda ya ji an kai ƙararsa sama ba a taɓa yi masa magana ba, ya sami abin riƙewa. Ki faɗi abu ɗaya, na kwanan nan, da abin da za ki yi nan gaba: ranar kaza kin tafi kin bar rahoton nan na ƙarasa, daga yau nawa kaɗai zan iya yi. Sannan ki cika maganarki. Wannan ne wuri mai wuya, domin muddin kina toshe ɓarakar, babu wanda zai ga akwai ta.

Idan za ki koma wurin shugabarku, ki tafi da rubutu: ranaku, ayyuka, awanni. Ki nemi lokaci, kada ki tare ta a hanya. Ki gabatar da maganar a matsayin matsalar rabon aiki, ba matsalar halin wance ba, ki kuma zo da abin da kike so a yi, a fili. Abin mamaki ne yawan masu kawo kuka da idan na tambaye su "to me kike so a yi?" sai su yi shiru. Ba su taɓa tunanin tambayar ba, domin zafin ya cika musu ido. Kukan da ba shi da buƙata a ƙarshensa yana barin mai sauraro da zargi kawai, ba shi da abin da zai yi ya wanke kansa. Idan kin ba shi abin yi, kin ba shi hanyar fita da mutuncinsa. Bayan zaman, ki aika mata gajeren saƙo da ke tuna abin da kuka amince a kai.

A gida lamarin ya fi laushi. Ki zaɓi lokacin da ba a gajiye yake ba, ba kuma a gaban yara ko baƙi ba. Ki faɗa masa tun farko irin abin da kike nema: "Ba faɗa na zo yi ba, so nake ka ji ni." Abu ɗaya a zama ɗaya. Idan ya fara lissafo naki, kada ki bi shi can, kada kuma ki musa. Ki ce masa: "Na ji, kuma a shirye nake mu yi maganar wannan. Bari mu gama wadda na fara." Wannan jimla ta ceci zama da yawa a gabana, domin tana gaya wa mutum cewa nasa kukan ma yana da wuri, ba sai ya ture naki ba. Kuma idan lokacin nasa ya zo, ki saurara da gaske. Idan akwai inda yake da gaskiya, ki amsa ba tare da "amma" ba. Roy Lewicki da abokan aikinsa sun gwada sassan ban haƙuri guda shida a 2016, suka tarar wanda ya fi tasiri shi ne amsa laifi kai tsaye, sai tayin gyara. Mutum yakan koyi ba da haƙuri daga ganin an ba shi haƙuri kuma ba a mutu ba.

Game da sauke abin da ke ƙirji wurin ƙawaye, ki yi, amma da awo. An daɗe ana cewa fitar da fushi yana rage shi. Gwajin da Brad Bushman ya yi a 2002 ya nuna akasin haka: waɗanda aka fusata, aka sa su naushi buhun dambe suna tunanin wanda ya ɓata musu rai, sun fi waɗanda suka zauna shiru na minti biyu fushi daga baya. A wannan shekarar kuma Amanda Rose ta nuna cewa ƙawayen da suke yawan juya matsala ɗaya suna maimaitawa, shaƙuwarsu takan ƙaru, amma damuwarsu ma takan ƙaru. Ƙawar da za ta amfane ki ita ce wadda, bayan ta saurare ki, za ta tambaye ki abin da za ki yi.

Inda wannan shawara take tsayawa

Ta bakinki kaɗai na ji, kuma aikina ya koya mini cewa labari yakan sauya kama idan ɗaya ɓangaren ya zauna. Ba ina shakkar ki ba ne. Ina nufin akwai yiwuwar maigidanki yana ɗauke da nasa kukan da bai iya faɗa ba sai a matsayin martani.

Abu na biyu ya fi nauyi. Duk abin da na faɗa yana aiki ne da mutumin da kare kai ya sha kansa, amma a ƙasan zuciyarsa yana son a zauna lafiya. Ba ya aiki da wanda yake amfana da shirunki. Kada kuma wani ya sa ki yarda cewa duk lokacin da ba a saurare ki ba, ke ce ba ki iya magana ba. Na ga mutanen da suka kawo kuka da ladabi, da hujja, a lokacin da ya dace, aka wulaƙanta su duk da haka, domin wanda ke sama ba ya so. Alamomin da nake dubawa su ne waɗannan: kin gyara yadda kike magana sau uku, sau huɗu, amsar ba ta sauya ba, bayan kowace magana ke ce kike ba da haƙuri, kin fara shakkar abin da idonki ya gani, ko kuma kukanki yana jawo miki horo, a rage miki matsayi a ofis, ko a ƙaurace miki, ko a tsorata ki a gida. Idan haka ne, gyaran kalmomi ba zai wadatar ba, kina buƙatar mutum na uku. A wurin aiki, sashen kula da ma'aikata, ƙungiyar ƙwadago, ko wanda yake sama da shugabarku, kuma a rubuce. A gida, wani da ku biyu kuke ganin girmansa kuma ba ya tsoron faɗa wa kowannenku gaskiya, ko mai ba ma'aurata shawara. Idan har akwai duka ko barazana, wannan ya fita daga babin sasanci, tsaron lafiyarki ne a gaba, kuma ki sanar da wanda kika amince da shi tun yau.

Idan bai kai nan ba, kuma ina fata bai kai ba, ki fara da ƙarami. Cikin makon nan ki zaɓi abu ɗaya tak, a gida ko a ofis, ki rubuta shi a layi uku: abin da ya faru, yadda ya shafe ki, abin da kike so a yi. Ki karanta, ki goge duk inda "kullum" ta shiga. Ki faɗe shi kafin kwana biyu su wuce. In kin yi, ki sake rubuto mini abin da aka ce miki, kalma da kalma yadda kika iya tunawa, sai mu duba mataki na gaba daga nan.